Daidaita Amo a Fiyano Mai Ɗaukar Samfur: Darasi Daga Wuraren Biki na Umbadda

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban ilimin furuci da na waƙar baka. Manufarta ita ce a bayyana yadda ake gyara amon kayan kiɗan da aka ɗauka aka zuba cikin fiyano, da kuma dalilin da ya sa wannan aiki ya shafi mai nazarin harshen Hausa. Za a ɗauki misalai daga Umbadda, wato yankin nan da ke yammacin Omdurman a ƙasar Sudan, wanda ƙidayar 2008 ta nuna yana da mutane kusan miliyan ɗaya, kuma Hausawa suna daga cikin al'ummomin da suka zauna a unguwanninsa. Haka kuma za a riƙa waiwayar Kano, domin matsalar iri ɗaya ce a wuraren biyu.

Zaman Hausawa a Sudan tsohon abu ne. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta kawo wasu, wasu kuma sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu. A fagen waƙa ma ba baƙi ba ne, domin A'isha al-Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, tana cikin matan farko da suka rera waƙa a Rediyon Omdurman. Abin da ya sauya daga baya shi ne kayan kiɗan. A shekarun da suka gabaci yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, wanda ya tarwatsa jama'ar Umbadda da kasuwarta ta Suk Libya, yawancin bukukuwan unguwa mutum ɗaya ne da fiyanonsa yake riƙe kiɗan da a da sai an tara ƙungiya. Mutanen Sudan suna kiran wannan na'ura urgan, mu kuma a Kano muna ce mata fiyano.

2.0 Mene Ne Samfur?

Kalmar samfur ba sabuwa ba ce a bakin Bahaushe. Ɗan kasuwa yakan nuna wa mai saye ƙyallen yadi ya ce ga samfur. A nan ma ma'anar ba ta yi nisa ba: ɗan guntun sauti ne da aka ɗauka daga abin kiɗa na gaskiya, alal misali bugu ɗaya na kalangu ko jan izga ɗaya na kukuma, aka adana shi cikin na'ura, ta yadda duk lokacin da aka danna maɓalli sai ya fito. Na'urar tana auna sautin ne sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ta mayar da shi lambobi. A faifan CD ana aunawa sau 44,100 a daƙiƙa.

Na'urorin farko irin su Fairlight CMI na 1979 da Emulator na 1981 sun fi ƙarfin aljihun talaka. Ensoniq Mirage na 1984 da Akai S900 na 1986 su ne suka fara sauko da farashi. Ya kamata ɗalibi ya bambance iri biyu. Akwai fiyanon da kamfani ya riga ya zuba masa samfurori, mai shi ba ya iya ƙara nasa, kamar jerin Yamaha PSR da situdiyoyin Kano suka yi amfani da su a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fim irin na Sangaya na 1999 suka cika gari. A irin wannan, makaɗi yana laluben sautin da ya yi kama da kalangu ne a cikin gangunan wasu ƙasashe, ya yi maneji da shi. Akwai kuma wanda yake ba mutum damar ɗaukar nasa sautin, kamar Korg Triton na 1999 da wasu daga jerin Korg Pa da suka biyo baya. Wannan iri na biyu shi ne abin maganarmu, domin da shi ne ake iya shigar da dalluka ta matan Sudan da kalangun mahauta cikin akwati ɗaya.

3.0 Uwar Amo da 'Ya'yanta

Kafin a yi maganar gyara, dole a san abin da ake gyarawa. Sauti kaɗawar iska ne. Ana ƙirga yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin da ake kira hatz, ana kuma rubuta shi Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin daga kimanin 20 zuwa 20,000, saman kuma yana raguwa da shekaru. Idan kaɗawa ta yi yawa sai mu ce sautin siriri ne, idan ta yi kaɗan mu ce mai kauri ne.

Babu wani abin kiɗa ko muryar da ke fitar da kaɗawa guda ɗaya tak. Idan tsirkiyar molo tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, to tare da ita akwai 440 da 660 da 880, haka har sama. A wannan takarda za mu kira ta farkon uwar amo, sauran kuma 'ya'yan amo. Uwar amo ita ce ke nuna tashi ko faɗuwar sauti, wato abin da a tsarin sauti muke kira karin sauti. Da ita ake bambance wuya na jiki da wuya ta wahala, da kuka na hawaye da kuka ta miya. 'Ya'yan amo kuwa, ƙarfin kowannensu shi ne ke sa a gane algaita daga sarewa ko da suna busa abu ɗaya.

Ɗalibin furuci ya riga ya san madaidaicin amo, ko da bai san sunansa ba, domin yana ɗauke da shi a bakinsa. Tantanin maƙwallato yana samar da uwar amo da 'ya'yanta, sa'annan kogon baki da na maƙogwaro su ƙarfafa wasu su danne wasu. A muryar namiji, wasalin /i/ yana da tudu ɗaya a wajen 300 da wani a sama da 2,000, wasalin /a/ kuwa tudunsa na farko yana wajen 700 zuwa 800, na biyu wajen 1,200. Mutum zai iya furta /i/ da /a/ da /u/ a kan kari ɗaya, ba abin da ya sauya sai wurin da tuddan suke. To, abin da harshe da leɓɓa suke yi wa murya, shi ne ikwalaiza take yi wa samfur. Ba ta taɓa karin sauti, ƙarfin sassan amo kawai take ƙarawa ko ragewa, ana kuma auna wannan da desibel.

4.0 Ire-iren Madaidaici

Asalin wannan fasaha daga aikin tarho ne, inda doguwar waya take cinye siririn sauti, sai injiniyoyi suka nemi hanyar mayar da abin da ya ɓace. Wanda kowa ya sani shi ne mamurɗai biyu na jikin rediyo, ɗaya na kauri ɗaya na kaifi, waɗanda tsarin da Peter Baxandall ya wallafa a 1952 ya yaɗa. Sai kuma rariya, wadda ke zubar da duk abin da ke ƙasa da wani mizani ko sama da shi. Wanda ya fi amfani ga mai gyaran samfur shi ne mai mamurɗai uku, wanda George Massenburg ya gabatar a 1972: na farko yana zaɓar wurin da za a taɓa, na biyu yawan abin da za a ƙara ko a rage, na uku kuma faɗin wurin, ko a yanka siriri kamar tsagar aska ko a kwashe da faɗi kamar da cebur.

5.0 Gyara Kafin Shimfiɗawa da Gyara Bayanta

Nan ne gizo yake saƙa, kuma nan ne na ga masu fiyano da yawa suna tuntuɓe. Idan aka ɗauki samfur ɗaya, ba maɓalli ɗaya kaɗai ake ba shi ba, shimfiɗa shi ake yi a kan maɓallai masu yawa. A tsarin da aka saba, na'urar tana samar da sauti na sama ne ta hanyar gaggauta samfurin, na ƙasa kuma ta hanyar jinkirta shi, kamar yadda murya take zama ta yara idan kaset ya yi gudu. Idan aka hau maɓallai 12, gudun ya ninka sau biyu ke nan, tsawon sautin ya ragu da rabi, kuma duk abin da ke cikin samfurin ya tashi tare, mai kyau da marar kyau.

A ɗauki misalin gurnanin lantarki. Wutar Sudan da ta Nijeriya da ta Nijar duk suna kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan waya ba ta da kyau, wannan gurnani yakan shiga cikin ɗauka a kan 50 da 100 da 150. In an bar shi a samfur, to a maɓallin asali yana kan 50, a maɓalli na bakwai sama da shi ya koma wajen 75, a na goma sha biyu ya zama 100. Wato gurnanin ma ya shiga rera waƙa. Madaidaicin da ke bakin fita, wanda yake tsaye a wuri ɗaya, ba zai iya bin sa ya kama ba. Don haka duk wani aibin da ya shigo lokacin ɗauka, ko gurnani ne ko ƙugin janareta ko hucin iska a makirfo, a jikin samfurin ake cire shi tun kafin a shimfiɗa.

Amma akwai abin da ya kamata ya tsaya cik. Ƙwaryar kukuma da fatar da aka rufe ta da ita suna da nasu tuddan amo, kamar dai kogon baki, kuma waɗannan tuddai ba sa motsi don makaɗi ya matsa tsirkiya da yatsa. Idan aka shimfiɗa samfur ɗaya a kan fiyano duka, tuddan sukan tashi su sauka tare da kari, sai a ji a sama kamar 'yar mitsitsiyar kukuma, a ƙasa kuma kamar wadda aka yi da masaki. Kunnen da ya saba da kiɗan Garba Supa ko Hassan Wayam nan take zai ce wannan ba kukuma ba ce, ko da ba zai iya faɗin dalili ba. Maganin na gaskiya shi ne a ɗauki samfurori da yawa, kowanne ya riƙe maɓallai uku ko huɗu kacal. Idan ma'ajiyar na'urar ba ta isa ba, sai a ɗan kwantar da tuddan a jikin samfur, a sake gina su da madaidaicin da ke bayan shimfiɗa, tunda shi ba ya motsi. Ba ya kamo na asali, amma ya fi a bari haka nan.

6.0 Kalangu, Gangar da Ke Magana

Matsalar kalangu ta fi ta kukuma zurfi, kuma ita ce ta fi shafar sashenmu. Kalangu yana magana ne saboda makaɗi yana matse tsirkiyoyinsa a hammata ya saki, fata ta ɗaure ko ta saki jiki, amo ya hau ko ya sauka yana bin karin kalmomi. Da haka ake kaɗa taken mutum ya ji ya gane, da haka kuma makaɗan Mamman Shata suke amsa masa. Hausa tana da karin sama da na ƙasa da faɗau, kuma a cikin jimla karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan ɗan gaza wanda ya gabace shi, har jimlar ta riƙa gangarowa. Kalangu yana kwaikwayon duk wannan, har da zamewar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa. Maɓallan fiyano kuwa matakala ne, ba su san zamewa ba, sai dai a yi amfani da ɗan gargaren da ke gefen hagu mai lanƙwasa sauti. Wannan ba aikin madaidaici ba ne, kuma kada a ɗora masa. Amma madaidaici yana iya kashe ɗan abin da ya saura na maganar, ga kuma yadda abin yake faruwa.

Muryar namiji uwar amonta tana tsakanin kimanin 85 da 180, ta mace tsakanin 165 da 255. Tsohon layin tarho yana wucewa da abin da ke tsakanin 300 da 3,400 ne kawai. Ke nan uwar amo ba ta isa kunnen mai saurare, amma duk da haka ba a taɓa jin Bahaushe ya kasa bambance wuya da wuya a tarho ba. Dalili shi ne 'ya'yan amon murya suna jere a kan ninki ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai ƙwaƙwalwa ta lissafo uwar daga tazarar da ke tsakanin 'ya'yan. Fatar ganga ba haka take ba. A lissafin zagayayyiyar fata, 'ya'yan suna faɗawa ne a wajen ninki 1.59 da 2.14 da 2.30, ba su jeru ba, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta da tsanin da za ta bi ta gano uwar idan an cire ta. Masanin kimiyyar nan na Indiya, C. V. Raman, ya nuna tun 1920 cewa baƙin abin da ake liƙawa a tsakiyar fatar wasu gangunan ƙasarsu shi ne ke jera 'ya'yan amonsu. Mai nazarin kiɗan fada zai tuna da ɗanƙon da ake manna wa fatar kotso, wanda shi ma nauyi yake ƙara wa tsakiyar fata ya sauya amonta. Makaɗanmu sun daɗe suna daidaita amo da hannu, da ɗanƙo da kuma gasa fata a bakin wuta.

Abin lura a nan shi ne, akwai wata al'ada da masu haɗa sauti suka koya daga kiɗan Turawa, ta kwashe tsakiyar amon ganga, wato wajen 200 zuwa 500, a ƙara ƙasa sosai domin a ji dukan a ƙirji, a ƙara sama domin a ji ƙarar makaɗi a kan fata. Ga gangar da aikinta riƙe rauji ne kawai, wannan ba laifi. Ga kalangu kuwa, yankin da aka kwashe nan ne muryarsa take zaune. Sai ya fito da ƙarfi da kaifi, ya cika fili, amma ya zama bebe. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar da ake yi wa kalangu a cikin fiyano, kuma ba a lura da ita saboda masu rawa ba sa ƙorafi. Tsofaffin da suka san take su ne ke cewa kiɗan yanzu ba ya cewa komai, a kuwa ɗauka ƙyashin zamani ne kawai yake damunsu.

Hanyar da ta fi ita ce a saurari samfurin shi kaɗai, a ɗaga siririn tudu a riƙa jan sa daga ƙasa zuwa sama har a gano inda uwar amo take a sake da kuma a matse. Abin da ke tsakanin waɗannan iyakoki biyu haramun ne a taɓa shi. Rariya sai a sa ta can ƙasa da amon da ya fi kowane kauri. Idan ana son kaifin bugu, a ƙara desibel biyu ko uku a wajen 3,000 zuwa 5,000, kada a zarce.

7.0 Cunkoso a Filin Biki

A bikin Umbadda, kamar yadda aka saba yi kafin 2023, rumfa ake kafawa a fili ko a kan layi, a jera lasifikoki. Fiyano ɗaya yana fitar da raujin sira ko na tumtum da samfurin dalluka, ga sautin garaya mai kauri na zamani a ƙasa, ga na goge da na ƙaho a sama, ga mawaƙiya da 'yan amshi. Idan bikin Hausawa ne a ƙara kalangu. Sautuka biyu idan suka haɗu a yanki ɗaya, mai ƙarfi yakan rufe marar ƙarfi, kuma mai kauri ya fi iya rufe siriri. Abin da mai fiyano yakan yi idan kalangu ya nutse shi ne ya ƙara masa ƙarfi, sai mawaƙiya ta nutse, ita ma a ƙara mata, har lasifika ta fara kuka. Abin da ya dace shi ne a rage wa dalluka da garayar ƙasa kaɗan a daidai yankin da kalangu yake zaune. Ragewa ta fi ƙarawa aminci, domin ƙarin desibel uku kacal yana neman ninkin ƙarfin na'ura.

Ga muryar mawaƙi kuma, a tuna cewa wasula su ne masu ƙarfi, amma baƙaƙe su ne ke ɗauke da yawancin bambancin kalmomi. Zuzau irin /s/ da /sh/, da fashewar tunkuɗau irin /ƙ/ da /ts/, alamominsu suna sama, daga wajen 2,000 zuwa 8,000. Samfurin goge ko na algaita da aka ƙara wa kaifi yana zama daidai nan. Mai saurare zai ji muryar, ya ji karin waƙar, amma kara da ƙara su zame masa abu ɗaya. Waƙar Hausa kuwa, ko ta fada ce ko ta biki, magana ce kafin komai.

Sauran abu biyu a gurguje. Na farko, binciken Fletcher da Munson na 1933 ya nuna kunne ba ya jin kauri sosai idan sauti yana ƙasa-ƙasa, don haka samfurin da aka gyara a ɗaki cikin dare zai yi kauri fiye da kima idan aka sake shi a fili da ƙarfi. Na biyu, yawancin waɗanda za su ji waƙar daga baya a ƙaramar lasifikar wayar hannu za su ji ta, wadda ba ta fitar da amo mai kauri. Wanda ya jibge ƙarfin kiɗansa a ƙasa da 100 ya yi wa masu waya rowa. Kunnen mai fiyanon kansa ma yana cikin haɗari, domin ƙa'idar kare ma'aikata da aka fi bi ta sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma kusa da lasifikar biki an wuce nan nesa.

8.0 Aikin Gwaji

Kowane rukuni na ɗalibai zai ɗauki muryar mutum ɗaya yana furta wuya da wuya, da kuka da kuka, kowace a cikin gajeriyar jimla. Sa'annan a nemi makaɗin kalangu, a biya shi haƙƙinsa, a kuma gaya masa abin da za a yi da sautin, ya kaɗa waɗannan jimloli. A buɗe duka a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka rubuta kuma ake samunta kyauta. A zubar da duk abin da ke ƙasa da 300 daga muryar da kuma kalangun, a kunna wa mutum biyar da ba su san abin da aka ɗauka ba, a rubuta abin da kowannensu ya ce ya ji. A maimaita da 500. Rukunin da ya samu mai dalluka ko mai bandiri sai ya ɗora bugunsa a kan kalangun, ya gwada rage masa desibel uku, sa'annan shida, a yankin da kalangun yake, ya lura da matakin da masu saurare suka fara gane jimlar. A kawo sakamakon a rubuce da Hausa, kuma duk wanda yake da kalmar da ta fi uwar amo ko tudu ko rariya dacewa, daga Hausar Kano ko ta Sakkwato ko ta Maiurno, ya zo da ita aji a tattauna.